Daga Burasel zuwa Kusugu: Hergé da Gadon Alƙalaminsa

Ranar Alhamis 10 ga Janairu, 1929, wata jaridar Katolika ta birnin Burasel mai suna Le Vingtième Siècle ta fito da shafinta na yara kamar yadda ta saba. A ciki akwai sabon labari cikin zane: wani saurayi ɗan jarida da farin karensa sun hau jirgin ƙasa za su Tarayyar Sobiyet. Saurayin Tintin, karen Milou. Wanda ya zana su yana da shekara 21 a duniya, sunansa na yanka Georges Remi, amma Hergé yake sa wa aikinsa hannu. A lokacin Sarki Abdurrahman ya shekara 18 a kan karagar Daura, kuma ba mai cewa akwai abin da zai taɓa haɗa ɗakin zanen wannan yaro da rijiyar Kusugu. Sai ga shi bayan kusan shekara casa'in labarin Bayajidda ya fito a littafi, cikin salon zanen da Hergé ya fi kowa girka shi.

An haifi Remi ranar 22 ga Mayu, 1907, a unguwar Etterbeek. Bai yi wani dogon karatun zane ba. A ƙungiyar sikawut hannunsa ya faɗa, yana yi wa mujallarsu zane. Ubangidansa a jarida, Norbert Wallez, limamin coci ne mai ra'ayin riƙau, mai sha'awar Mussolini, kuma shi yake yanke inda Tintin zai je. Ya fara tura shi Rasha don a ɓata 'yan gurguzu. Da aka gama wannan, Hergé ya so ya kai yaronsa Amurka, Wallez ya ce a'a, Kwango za shi, don yaran Beljiyam su tashi da son ƙasar da iyayensu ke mallaka da kuma aikin mishan. Dabarar da Hergé ya kwaikwayo daga jaridun Amurka ita ta sa labarin ya ci kasuwa: maimakon a rubuta bayani a ƙarƙashin hoto, sai maganar ta fito daga bakin mai ita a cikin 'yar da'ira, shafi kuma a raba shi gida-gida kamar hatimi, ido na bin gidajen har ya kai ƙarshe.

Kwangon da aka tura Tintin a 1930 ƙasa ce mai ɗanyen miki. Daga 1885 zuwa 1908 mallakin Sarkin Beljiyam Leopold na Biyu ce shi kaɗai, aka tilasta wa mutane tatsar roba, wanda bai cika mudu ba a ƙone ƙauyensa ko a yanke hannun wani nasa, miliyoyin rayuka suka salwanta. Hergé bai taɓa taka ƙasar ba, har ya mutu. Jiyau ne, ba ganau ba. Daga labaran 'yan mishan da jaridu da kayan da aka jibge a gidan tarihi na Tervuren ya haɗa Afirkarsa. Mutanen da ya zana duk kamanninsu ɗaya, leɓe manya-manya, ido waje, ragwaye, matsorata, Faransancinsu a karye. Tintin ya warkar da mara lafiya, ya raba gardama, ya tona asirin boka, aka naɗa shi sarki. Ya harbe barewa tari guda, ya feɗe biri ya sa fatarsa, ya tarwatsa karkanda da nakiya. A shafin ƙarshe bayan ya tafi, mutanen ƙauye sun sassaƙa gunkinsa, wani ya durƙusa a gaba.

An yi ta gyara wannan littafi, Tintin au Congo, amma gyaran bai kai ga saiwa ba. A 1946 da aka sake zana shi da launi, darasin da Tintin ke koya wa yaran Kwango cewa ƙasarsu Beljiyam ce ya koma darasin lissafi. A 1975 aka sauya shafin karkanda saboda mawallafan Sikandinebiya sun ƙi shi. Fuskokin mutane kuwa suna nan yadda suke. Hergé da kansa ya amsa daga baya cewa abin da ya zana shi ne abin da mutanen da ya tashi a cikinsu suke ɗauka game da baƙar fata. A 2007 wani ɗan Kwango, Bienvenu Mbutu Mondondo, ya kai ƙara a Beljiyam yana neman a hana sayar da littafin. A 2012 kotu ta ce ba a yi shi da niyyar tunzura wariya ba. Ni dai ban ga yadda niyya za ta wanke shi ba. Yaro ɗan shekara bakwai ba niyya yake karantawa ba, hoto yake gani, kuma abin da ya shiga ta ido a wannan shekaru yakan riga duk wani bayani zama a zuciya.

Da a nan Hergé ya tsaya, da ba mu tsaya ba da tarihinsa ba. A 1934 ya sanar cewa Tintin zai tafi ƙasar Sin. Wani limamin coci mai kula da ɗaliban Sin a Jami'ar Luben, Léon Gosset, ya rubuta masa wasiƙa yana gargaɗinsa kada ya zana Sinawa yadda Turawa suka saba, don ɗalibansa za su gani, kuma zai yi musu ciwo. Ta haka aka haɗa shi da Zhang Chongren, ɗalibin zane da sassaƙa daga Shanghai, sa'ansa. Suka yi watanni suna zama tare. Zhang ya koya masa riƙon burushin Sinawa, ya ba shi labarin ƙasarsa daga bakin ɗan ƙasa, ya nuna masa yadda tituna da shaguna da tufafi suke. Rubuce-rubucen da ke jikin bango da allunan shaguna a littafin Le Lotus bleu Zhang ne ya rubuta su da hannunsa, wasunsu ma kira ne ga Sinawa su ƙaurace wa kayan Japan. Littafin ya nuna yadda Japan ta fasa layin dogo a 1931 ta ɗora wa Sinawa don ta sami hujjar mamaye Manchuriya, a lokacin da jaridun Turai da yawa ke kau da kai. Jami'an Japan a Burasel sun yi ƙorafi. Mutum ɗaya ne ya zana Kwango da Sin, shekara huɗu tsakani. Bambancin shi ne a karo na biyu akwai mai ƙasa zaune kusa da shi.

Wannan shekara ta 1934 tana da nata tarihi a wurinmu. A cikinta ofishin talifi na Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ya fitar da littattafan gasar 1933: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauransu. Su ma yawancinsu labaran matafiya ne masu ratsa ƙasashe, sai dai matafiyin namu ne, da idonsa ake kallon duniya. Matar East kuma 'yar Beljiyam ce mai zane, ta yi wa littattafan Zariya hotuna, don haka alƙalamin wannan ƙasa ya daɗe da taɓa takardar Hausa ta wata ƙofar.

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar wa Hergé wani tabon. Da Jamus ta mamaye Beljiyam a 1940 jaridarsa ta rufe, ya koma Le Soir, wadda ke hannun 'yan mamaya. A nan ya ƙirƙiro Kyaftin Haddock, matuƙin jirgin ruwa mai zafin rai da ya zama abokin Tintin, a nan kuma ya zana Yahudawa da irin munanan kamannin da farfagandar Nazi ke so. Bayan an kori Jamusawa a 1944 an kama shi sau huɗu, ba a dai gurfanar da shi ba. Raymond Leblanc, wanda ya yi gwagwarmaya da 'yan mamaya, shi ya tsamo shi, suka kafa mujallar Tintin a 1946.

Daga nan sana'ar ta nuna. A 1950 Hergé ya buɗe ɗakin aiki na Studios Hergé, ya tara gwanaye irin su Bob de Moor da Jacques Martin da Roger Leloup. Salonsa layi ne tsaf, kaurinsa ɗaya, ba karce-karcen inuwa, launi a shimfiɗe. Wani mai zane ɗan Holan, Joost Swarte, shi ya raɗa wa salon suna a 1977, ya kira shi tsabtataccen layi. Sirrin abin yana cikin rabon aiki tsakanin fuska da fage. Fuskar Tintin kusan ba komai a cikinta: ɗigo biyu na ido, ɗan hanci, tukkun gashi. Kowane yaro na iya sa kansa a wurin. Amma motar da ke bayansa, da jirgin, da ƙofar gida, da igiyar jirgin ruwa, duk an binciko su, an tara hotunansu a fayil, wani lokacin har a ƙera samfur a auna. Haka ya kai Tintin duniyar wata a littattafan 1953 da 1954, shekara goma sha biyar kafin ɗan Adam ya taka ta.

Akwai littafi ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, Coke en stock, na 1958. A cikinsa Tintin da Haddock sun tsinci kansu a wani jirgin ruwa a Bahar Maliya, suka buɗe rumbun kaya suka tarar da baƙaƙen fata Musulmi, maniyyata aikin Hajji, waɗanda aka yaudara za a sayar da su bayi. Ba ƙagen banza ba ne. Hergé ya karanta rahotannin irin wannan ciniki a jaridun lokacin, Saudiyya kuwa sai a 1962 ta haramta bauta a hukumance. Mu mun san wannan hanya fiye da shi. Kakanninmu sun bi ta a ƙafa da jakuna, ta Barno da Chadi da Darfur har Sawakin, wasu su shekara biyar ko goma suna noma a hanya don kuɗin jirgi, wasu su zauna a Sudan ɗungurungum, kamar mutanen Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Mutane ne masu ilimin hanya, da malamai a cikinsu, da madugai, da masu jin harshe uku ko huɗu. A littafin Hergé sai suka zama taron bayin Allah marasa wayo, Haddock yana ta yi musu ihu su gane haɗarin da suke ciki, su kuwa suna nanata cewa Makka za su. Zuciyarsa na tare da su, wannan ba shakka, amma bai nemi Zhang na alhazai ba. Mujallar Jeune Afrique ta soki littafin a 1962, a bugun 1967 ya gyara musu harshe. Darasin 1934 bai ratsa Sahara da shi ba.

Hergé ya sake ganin Zhang a Burasel a 1981, bayan rabuwar shekara 46. Ya rasu ranar 3 ga Maris, 1983, ya bar littattafan Tintin 23 kammalallu da ɗaya da bai ƙarasa ba, ya kuma nuna ba ya son wani ya ci gaba da zana yaron bayansa. An sayar da fiye da kwafi miliyan 200, an fassara su cikin harsuna sama da 70, an gina masa gidan tarihi a Louvain-la-Neuve a 2009, Steven Spielberg ya yi fim ɗin Tintin a 2011.

Gadon ya shigo Afirka ta ƙofar Faransanci, kuma abin da zai ba mutum mamaki, a Kinshasa ya fi kama ƙasa. Mujallar Jeunes pour Jeunes ta cika hannun matasan birnin tun ƙarshen shekarun 1960 da labaran titunansu. Mongo Sisé da Barly Baruti, manyan masu zanen Kwango, duk sun ratsa ta ɗakin aikin Hergé a shekarun 1980. Jikokin waɗanda aka zana a matsayin abin dariya suka karɓi alƙalamin suka zana kansu. Mujallar yara ta Kouakou, da aka fara a 1966, ta zaga makarantun ƙasashen rainon Faransa, sannan a 2005 Marguerite Abouet ta Kodebuwa ta fito da Aya de Yopougon, labarin 'yan matan wata unguwa a Abijan, ya zaga duniya. Najeriya ta bi wata hanyar daban, ta jaridun Ingila da Amurka: zanen siyasa na Akinola Lasekan a West African Pilot tun kafin 'yancin kai, da Ikebe Super na Wale Adenuga daga 1976. A ƙasar Hausa kuwa gwanintar hannu ta fi zuba a zayyanar allo da adon bango da aikin riga da dagi, wani ɓangare saboda malamai da yawa na da sanyin jiki game da zana mai rai. Hoton mutum a takarda da littattafan boko ya yawaita.

Daura na zaune daidai inda waɗannan duniyoyi biyu suka haɗu, kuma tana riƙe da labarin da ya fi kowane labarin Hausa neman a zana shi. Ɗan sarki, Bayajidda, ya fito daga Bagadaza, ya sauka Barno, ya auri 'yar Mai, aka raba shi da rundunarsa da dabara, ya gudu. Ya bar matarsa da ciki a Garun Gabas, ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce ba a samu sai Juma'a, saboda macijin da ke Kusugu, wanda ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi. Da safe gari ya tashi da gawar maciji ba kai, masu ƙarya suka yi ta cewa su ne, har aka gano baƙon. Sarauniya Daurama ta yi masa tayin rabin gari, ya ce aure yake so. Bagwariya, kuyangar da Daurama ta ba shi, ta haifi Karɓagari, Daurama ta haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida da Biram, ɗan da matarsa ta Barno ta haifa a Garun Gabas, suka zama Hausa Bakwai. A shekarun 2010 Claude Opara ya rubuta wannan labari, Ibrahim Yakubu ya zana shi, a littafin Bayajidda: An African Legend, cikin salon Faransa da Beljiyam, ya fito da Turanci sannan da Faransanci. Na yi murna da wannan aiki, ina kuma fatan ya zama na farkon masu yawa.

Duk wanda zai biyo bayansu sai ya san nauyin da ya ɗauka. Mai ba da labari da baki yana iya cewa baƙo ya iso, ya wuce, kowa ya siffanta shi a ransa. Mai zane ba shi da wannan sauƙi. Dole ya yanke launin fatar Bayajidda, da abin da ke kansa, da dabbar da ya hawo. Masana ma ba su daidaita ba: H. R. Palmer da wasu bayansa sun danganta shi da Abu Yazid, ɗan tawayen Barbar mai hawa jaki, wanda ya yaƙi Fatimawa a Tunisiya ya mutu a 947; Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello kuwa ya nuna cewa daulolin Hausa daga cikin ƙasa suka tsiro, ta hanyar noma da ƙira da kasuwa da gina birane, ba wani baƙo ya zo da su a jaka ba. Kuma ga tarkon: in aka duba sama-sama, ƙashin labarin Bayajidda da na Tintin a Kwango iri ɗaya ne. Baƙo ya zo, ya kashe dabbar da ta gagari 'yan gari, aka ba shi mulki. Mai zanen da ya yi sakaci, ya haskaka fatar baƙon, ya dunƙule mutanen Daura wuri ɗaya suna rawar jiki, ya sake zana littafin 1930 ne da babbar riga.

Labarin da Daura ke bayarwa bai yarda da haka ba, in an saurare shi har ƙasa. Baƙon ya tarar da gari mai ganuwa da fada da jerin sarauniyoyi tun daga Kufuru, da tarihin tasowa daga Tsohon Birni. Ya iso ba runduna, ɗan gudun hijira, ƙishirwa na damunsa. Wuƙarsa maƙeran Gaya suka ƙera, gugan na Ayana ne, masauki nata ne. Daurama ce ke da abin bayarwa, ita ta sa sharaɗi, kuma rikicin gado tsakanin ɗanta da ɗan Bagwariya shi ne ainihin siyasar labarin, ba saran maciji ba. Waɗannan duka suna neman gidajensu a shafi, da fuskoki mabambanta. A nan rabon aikin Hergé zai yi amfani: fuskar jarumi tana iya zama mai sauƙi, amma tubali da azara da zanko, da bakin rijiya da igiya ta cinye, da zanen saƙi da ɗaurin ɗankwali, sai sun zama na Daura, an je an gani, an zauna da dattawan fada da maƙera da masu kula da Kusugu, an tsaya an kalli hawan Sallar Gani.

Kuma Bayajidda ba shi kaɗai ne labarin masarautar ba. Akwai 1805, lokacin da Malam Isiyaku ya ci Daura da tutar Shehu Usmanu, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka yi ƙarni guda suna riƙe da sarauta a Zango da Ɓaure. Akwai 1904, da Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa kan karagar kakanninsa, abin da ba su yi a Kano ko Katsina ba. Akwai shekarun 1906 zuwa 1908, da jami'an Ingila da Faransa suka bi daji suna kafa turakun iyaka, suka raba dangi gida biyu. M. G. Smith ya tattara da yawa daga wannan a littafinsa The Affairs of Daura na 1978, littafin da masana ke karantawa, ba yaran firamare ba. Waɗannan yara suna nan a ɓangarori biyu na turakun. Na Daura da Zango da Mai'aduwa ana koya musu Turanci, na Matamai da Kance da Magarya ana koya musu Faransanci, don haka bugun Turanci a Kongolam yake tsayawa, na Faransanci a Maimujiya. Bugun Hausa ne kaɗai ɗan kasuwa zai ɗauka daga Daura ya sayar har Damagaram ba tare da ya nemi tafinta ba.